Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyara Shawarar Littafin Jagora Game da Harshen Rubuta Fankshan a Rumbun Bayanai

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu rubuta littafin jagorar rumbun bayanai (manhajar da ke ajiye bayanai cikin teburori), da masu bitarsa, da injiniyoyin da suka buɗe shi suna neman a gaya musu da wane harshen kwamfuta za su rubuta fankshan. Mafi yawan misalan daga PostgreSQL suke, domin yana cikin rumbunan da suka fi ba mai amfani zaɓin harsuna, amma matsalar ta shafi sauran ma.

1. Mene ne fankshan da mai amfani ya ƙirƙira, kuma me ya kawo maganar harshe a ciki?

Kowane rumbun bayanai yana zuwa da fankshan nasa na asali, irin waɗanda ke ƙirga layuka, ko tara lambobi, ko fitar da kwanan wata. Idan waɗannan ba su biya buƙata ba, mai amfani yana iya rubuta nasa, ya ba shi suna, ya ajiye shi a cikin rumbun, sannan ya riƙa kiransa daga cikin umarnin SQL (harshen da ake ba rumbun umarni da shi) kamar yadda yake kiran na asali. A PostgreSQL ana yin haka da umarnin CREATE FUNCTION, kuma a cikin umarnin akwai gurbin da ake faɗin harshen da aka rubuta jikin fankshan ɗin da shi.

Wannan gurbi ɗaya shi ne yake yanke abubuwa da dama: wanda ke da izinin ƙirƙirar fankshan ɗin, da yadda bayanai ke shiga cikinsa suna fita, da ko mai tsara bincike na rumbun (ɓangaren da ke zaɓen hanyar da za a bi wajen aiwatar da umarni) zai iya leƙa cikinsa, da abin da zai sami saba (manhajar da ke gudanar da rumbun) idan kod ɗin ya yi kuskure. Shi ya sa zaɓen harshe ya wuce batun wanda mutum ya fi sabawa da shi.

2. Waɗanne harsuna ne ake magana a kai?

Littafin jagorar PostgreSQL ya kasa fankshan gida huɗu: waɗanda aka rubuta da SQL zalla, da waɗanda aka rubuta da harshen bin matakai (mai ba da damar tsara aiki mataki-mataki), da na cikin gida waɗanda aka harhaɗa tare da sabar kanta, da kuma na harshen C. Harsunan bin matakai da suke zuwa tare da manhajar huɗu ne: PL/pgSQL, PL/Tcl, PL/Perl da PL/Python. A cikinsu PL/pgSQL ne kaɗai ake samu a girke tun farko, kuma haka abin yake tun daga siga ta 9.0 da ta fito a 2010. Sauran sai an girka su da CREATE EXTENSION, umarnin da ya shigo a siga ta 9.1 a 2011.

Bayan waɗannan akwai harsunan da wasu mutane daban suke kula da su, kamar PL/Java, PL/R, PL/Lua, da PL/V8 na masu rubuta JavaScript. An yi maganarsu a tambaya ta 11.

3. Idan littafin ya riga ya bayyana kowane harshe, ina abin gyara?

Matsalar tana cikin yadda aka shimfiɗa bayanin. Littafin jagora yakan ware babi ga kowane harshe, ya yi bayaninsa dalla-dalla, ya nuna yadda ake rubuta madauki (maimaita aiki) da sharaɗi da kama kuskure. Wannan yana amfanar wanda ya riga ya zaɓi harshe. Wanda bai zaɓa ba kuwa, dole ya karanta babi biyar ko shida, ya tsinto jimla ɗaya a nan ɗaya a can, sannan ya haɗa kwatancen da kansa. Bayanin izini yana babin harshen, bayanin alamomin fankshan (duba tambaya ta 12) yana babin faɗaɗa SQL, bayanin tsadar kira, wato yawan aikin da kiran fankshan ke ci, yana shafin CREATE FUNCTION, kuma babu wanda ya gaya masa cewa duka ukun suna da hannu a zaɓin da zai yi.

Abin da yakan biyo baya sananne ne. Mai karatu ya gaji, ya ɗauki harshen da ya fara gani a misali, ko wanda ya saba da shi daga wani aiki, ya rubuta komai da shi. Daga nan ake samun fankshan mai layi ɗaya na lissafi an naɗe shi cikin PL/pgSQL babu dalili, ko doguwar sarrafa rubutu da ta fi dacewa da Perl ko Python an wahala an rubuta ta da madaukai cikin harshen da ba a gina don haka ba. Gyaran da ake nema shi ne sashe ɗaya, a farkon batun fankshan, wanda zai ɗauki mai karatu daga abin da yake so ya yi zuwa harshen da ya dace, ya kuma nuna masa babin da zai je don cikakken bayani.

4. Shin ya dace littafin jagora ya ba da shawara, ko ya tsaya ga bayyana abin da ke akwai kawai?

Masu adawa da saka shawara suna da hujja mai ƙarfi. Littafin jagora abin dogaro ne, ana karanta shi shekaru bayan an rubuta shi, kuma duk abin da ya faɗa mutane sukan ɗauke shi a matsayin hukuncin masu manhajar. Idan ya ce wani harshe ya fi wani, masu kula da harshen da aka mayar baya za su ga an yi musu rashin adalci, kuma maganar tana iya zama ƙarya bayan siga biyu.

Duk da haka, rashin shawara ma shawara ce a fakaice, domin harshen da misalai suka fi yawa da shi shi ne mai karatu zai ɗauka a matsayin zaɓin littafin. Hanyar da ta fi dacewa ita ce shawara mai sharaɗi, wadda ke faɗin dalilinta a fili. Jimla irin “idan fankshan ɗin umarni ɗaya ne na SQL, a rubuta shi da SQL, domin mai tsara bincike yana iya narkar da shi cikin umarnin da ya kira shi” ba ta ɗaga wani harshe a kan wani ba. Ta faɗi yanayi, ta faɗi dalili, kuma mai karatu yana iya gwadawa ya gani. Jimla irin “Python ya fi sauƙi” kuwa ra'ayi ne, ba ta da gurbi a littafin.

5. Wane tsari ya kamata sashen shawarar ya bi?

Ya bi jerin tambayoyin da mai karatu zai amsa wa kansa, waɗanda ke rufe ƙofa su zo kafin waɗanda ke nuna fifiko. Ta farko ita ce izini: shin mutumin yana da matsayin babban mai gudanarwa a sabar, kuma harshen yana girke ko ana iya girka shi? Idan amsar a'a ce, rabin zaɓin ya faɗi nan take, kuma babu amfanin ya karanta falalar harshen da ba zai samu ba. Ta biyu ita ce nau'in aikin: tiriga ne (kod da ke tashi da kansa idan an canja bayanan tebur), ko fankshan da ke dawo da ƙima ɗaya, ko mai dawo da layuka da yawa? A PostgreSQL ba a rubuta fankshan na tiriga da SQL zalla, sai da harshen bin matakai ko C, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata ta fito a layin farko.

Sai ta uku: aikin yawancinsa taɓa teburori ne, ko lissafi ne a kan bayanan da aka riga aka miƙa? Na farko ya karkata ga SQL da PL/pgSQL, na biyu yana iya karkata ga harshen da ke da laburaren da ake buƙata. Ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce wa zai kula da kod ɗin bayan wanda ya rubuta shi ya bar aikin. Sauri ya zo bayan duk waɗannan, saboda dalilan da ke tambaya ta 7.

6. Me ya kamata a ce game da bambancin SQL da PL/pgSQL?

Nan ne aka fi samun ruɗani, domin su biyun suna kama da juna a ido, kuma mafi yawan masu karatu tsakaninsu za su zaɓa. Fankshan na SQL jerin umarnin SQL ne kawai, babu madauki, babu gurbin ajiye ƙima ta wucin gadi, babu kama kuskure. Falalarsa babba ita ce idan ya cika wasu sharuɗɗa, mai tsara bincike yana cire kiran gaba ɗaya ya maye gurbinsa da jikin fankshan ɗin, sai ya zama kamar an rubuta lissafin kai tsaye a cikin babban umarnin. A lokacin nan ana iya amfani da fihirisa (jerin da ke saurin kai rumbun ga layukan da ake nema), ana iya tura sharaɗin tacewa ciki, kuma kuɗin kira, wato lokacin da kiran kansa ke ci, ya ɓace. Sharuɗɗan suna da tsauri: alal misali, fankshan da aka yi wa alamar SECURITY DEFINER (mai gudana da ikon mai shi), ko wanda aka liƙa wa SET (saiti na kansa), ba a narkar da shi. Sashen shawara da ya ambaci wannan falala bai ambaci sharuɗɗanta ba ya bar mai karatu da rabin labari.

PL/pgSQL kuwa rufaffen ɗaki ne ga mai tsara bincike: yana ganin suna da alamomin da aka ɗora masa, ba ya ganin abin da ke ciki. A madadin haka yana ba da sharaɗi, da madauki, da kama kuskure, da gina umarni yayin aiki ta hanyar EXECUTE. Yana kuma adana tsarin binciken umarnin da ke cikinsa har ƙarshen zaman haɗin (tsawon lokacin da mai amfani ke haɗe da rumbun), wanda ke rage wahala idan ana yawan kiransa. Wannan adanawa tana da nata abin mamaki: umarni mai karɓar ƙima daga waje ana tsara shi daidai da ƙimar a karo biyar na farko, daga nan rumbun yana iya komawa ga tsari na gama-gari, don haka fankshan da ya yi sauri a gwajin farko yana iya sauya hali a kira na shida. Siga ta 12 ta kawo saitin plan_cache_mode don sarrafa wannan.

Akwai bambanci na uku da ya cancanci layi biyu. Tun siga ta 14, a 2021, ana iya rubuta jikin fankshan na SQL da salon BEGIN ATOMIC, inda ake tantance shi lokacin ƙirƙira, rumbun kuma ya riƙe lissafin teburorin da ya dogara da su, ta yadda ba za a goge tebur a bar fankshan a rataye ba. PL/pgSQL lokacin ƙirƙira ƙa'idar rubutu kawai yake dubawa. Sunan tebur da aka rubuta ba daidai ba ba ya bayyana sai ranar da aiki ya iso wannan layin.

7. Me ya sa ba za a jera harsunan daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri ba, a huta?

Domin jerin zai ɓatar da mutane fiye da yadda zai shiryar da su. Lokacin da fankshan ke ci ya kasu kashi-kashi: kuɗin shiga da fita, da kuɗin juya bayanai daga nau'in rumbun zuwa nau'in harshen, da lokacin lissafin kansa, da lokacin umarnin SQL da yake aikawa. Idan kusan duk lokacin yana tafiya ne wajen karanta tebur mai miliyoyin layuka, harshen da ya aika umarnin ba shi da wani tasiri na a-zo-a-gani. Idan kuma lissafi ne mai madauki cikin madauki ba tare da taɓa tebur ba, PL/pgSQL yakan ja ƙafa, domin kowane lissafi a cikinsa ta injin SQL yake bi. PL/Python da PL/Perl suna tayar da injin harshensu a karon farko da aka kira su a kowane zaman haɗi, saboda haka tsarin da ke buɗe haɗi yana rufewa a kai a kai zai riƙa biyan wannan kuɗi sau da yawa.

Abin da littafin zai yi da ya fi jeri amfani shi ne ya bayyana waɗannan kashe-kashe, sannan ya koya wa mai karatu aunawa: EXPLAIN ANALYZE don ganin ko an narkar da fankshan na SQL, da saitin track_functions tare da pg_stat_user_functions don ganin yawan kira da lokacin da kowanne ya ci, da auto_explain don ganin umarnin da ke gudana a cikin fankshan. Ya kuma dace ya faɗi abin da ƙwararru suka sani: sau da yawa babbar riba tana cikin sauya madauki mai bin layi ɗaya-ɗaya zuwa umarni ɗaya da ke aiki a kan dukkan layukan, ko da harshen bai canja ba.

8. Mene ne harshe amintacce da wanda ba amintacce ba, kuma yaya za a bayyana shi ba tare da tsorata mai karatu ba?

Harshe amintacce shi ne wanda aka killace shi yadda kod ɗinsa ba zai iya buɗe fayil a kan saba, ko haɗawa da wata na'ura, ko taɓa abin da izinin rumbun bai ba shi ba. Irin wannan, mai amfani na yau da kullum yana iya rubuta fankshan da shi. Wanda ba amintacce ba yana iya yin duk abin da asusun da ke gudanar da sabar zai iya yi, shi ya sa babban mai gudanarwa kaɗai ke ƙirƙirar fankshan da shi. Perl da Tcl suna da fuska biyu, plperl da plperlu, pltcl da pltclu, inda harafin u na ƙarshe ke nuna wanda ba a killace ba. Python fuska ɗaya gare shi, plpython3u, domin babu ingantacciyar hanyar killace shi.

Sashen shawara ya fayyace cewa lakabin ya shafi iyakar iko ne kawai, bai shafi ingancin harshen ba. Ya kuma faɗi abin da hakan ke nufi a aikace: kamfanonin da ke ba da hayar rumbun bayanai ta intanet galibi ba sa ba abokin ciniki cikakken matsayin babban mai gudanarwa, don haka wanda ya gina tsarinsa a kan PL/Python a sabar kansa yana iya tarar da ƙofa a rufe ranar ƙaura. Wannan shi ne dalilin sanya izini a farkon jerin da ke tambaya ta 5.

9. Shin juya nau'in bayanai yana da muhimmancin da zai shiga sashen shawara?

Yana da shi, domin a nan ake yin kuskuren da ba ya kururuwa. PL/pgSQL yana aiki da nau'o'in bayanan rumbun kai tsaye, babu juyi. Sauran harsunan dole a fassara musu. A PL/Python lamba cikakkiya tana zama int, numeric yana zama Decimal, NULL yana zama None, amma nau'o'i da yawa, har da kwanan wata, suna isowa a matsayin rubutu zalla, sai mai kod ya warware su da kansa.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman abin. PostgreSQL yana rubuta “ƙarya” da harafin f. A PL/Perl ƙimar gaskiya-ko-ƙarya tana isowa a matsayin rubutu, t ko f, kuma a ƙa'idar Perl harafin f gaskiya ne, tunda shi ba sifili ba ne kuma ba rubutu marar komai ba ne. Saboda haka fankshan da ke duba ko an dakatar da asusu zai ɗauki kowane asusu a matsayin dakatacce, ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba. An samar da ƙarin bool_plperl a siga ta 13 don magance wannan. A PL/Python ma, idan fankshan ya dawo da rubutun f a inda ake jiran gaskiya-ko-ƙarya, gaskiya za a karanta. Babin kowane harshe ya faɗi waɗannan, amma mai zaɓe yana buƙatar gargaɗin kafin ya zaɓa, ko da jimla ɗaya ce mai nuna masa inda zai duba.

10. Yaya za a yi maganar C?

Da gaskiya, kuma a taƙaice. C ne ke ba da cikakken iko da mafi ƙarancin kuɗin kira, da shi ake rubuta sabon nau'in bayanai ko abin da za a kira sau miliyoyi a umarni ɗaya. Farashinsa shi ne babu shinge tsakaninsa da sabar: kuskure ɗaya wajen taɓa ma'adanar wucin gadi (memorin kwamfuta) yana kashe aikin da ke hidimar wannan haɗi, kuma idan hakan ta faru PostgreSQL yakan yanke dukkan sauran haɗe-haɗe ya farfaɗo da kansa, don gudun kada ma'adanar da ake rabawa ta gurɓata. Dole a sake harhaɗa kod ɗin ga kowace babbar siga, kuma ƙa'idojin cikin gida suna canjawa. Tsohuwar hanyar kira da ake ce wa siga ta sifili an cire ta a PostgreSQL 10. Shawarar da ta dace ita ce a zo ga C bayan awo ya nuna sauran ba su isa ba.

11. Harsunan da ba sa cikin manhajar fa, a ambace su ko a bar su?

A ambace su, a kuma faɗi matsayinsu. Mai aikin ƙididdiga da ya san R, ko ƙungiyar da duk kod ɗinta Java ne, suna da haƙƙin sanin cewa akwai hanya. Amma littafin ba zai iya yin alkawari a madadin wasu ba: waɗannan harsuna suna da nasu jadawalin fitarwa, wani yakan makara kafin ya dace da sabuwar siga, wani kuma masu kula da shi sukan watse. Abin da ya fi shi ne a ba mai karatu abubuwan da zai bincika da kansa, wato ko harshen yana goyon bayan sigar da yake amfani da ita, da ko amintacce ne, da ko mai ba shi hayar saba yana samar da shi. Dogon jerin sunaye a cikin littafin kansa yakan tsufa da wuri, kamar yadda tambaya ta 13 ta nuna.

12. Alamomi irin su IMMUTABLE da COST ba na harshe ba ne. Me ya kawo su cikin wannan shawara?

Domin yawancin abin da mutane ke ɗora wa harshe laifinsa, alama ce ta jawo shi. Idan ba a faɗi komai ba, PostgreSQL yana ɗaukar fankshan a matsayin VOLATILE, wato sakamakonsa na iya canjawa a kowane kira, don haka yana kiransa ga kowane layi. STABLE yana nufin sakamako ba ya canjawa a cikin umarni ɗaya, IMMUTABLE kuwa yana nufin ba ya canjawa har abada muddin abin da aka miƙa bai canja ba. Haka nan, tun da aikin raba bincike tsakanin ma'aikata da yawa (ƙananan ayyukan saba masu gudana lokaci ɗaya) ya shigo a siga ta 9.6, fankshan da ba a yi wa alama ba ana ɗaukarsa PARALLEL UNSAFE, kuma shi kaɗai ya isa ya hana dukkan umarnin cin moriyar rabon. Ƙiyasin tsada na asali 1 ne ga fankshan na C da na cikin gida, 100 ga sauran, kuma mai dawo da layuka ana zaton zai dawo da 1000 sai an gyara da ROWS. Tunda mai tsara bincike ba ya ganin cikin harsunan bin matakai, waɗannan lambobi su ne duk abin da yake da shi.

Gargaɗi ya kamata ya biyo baya nan take, domin rumbun ba ya tantance gaskiyar alamar, amana yake ɗauka. Wanda ya yi wa fankshan alamar IMMUTABLE don kawai a yarda ya gina fihirisa a kansa, alhali sakamakon ya dogara da saitin yankin lokaci, zai sami fihirisa mai ba da amsar da ba daidai ba. Haka SECURITY DEFINER: yana gudana da ikon mai fankshan ɗin, don haka sai an ɗaure masa search_path (jerin wuraren da ake neman tebur ko fankshan da suna), an kuma janye izinin kira da ake ba kowa da kowa tun asali.

13. Ta yaya za a hana shawarar tsufa?

A raba abin da ya samo asali daga ginin tsarin da abin da ya dogara da siga. Cewa C ba shi da shinge, ko cewa harshen waje yana buƙatar juya bayanai, abubuwa ne masu daɗewa. Cewa abu kaza ba ya yiwuwa kuwa magana ce mai wa'adi. Kafin siga ta 11, a 2018, babu CREATE PROCEDURE, kuma shawarar cewa ba a kammala ma'amala (rukunin umarni da ake tabbatarwa ko a soke gaba ɗaya) daga cikin kod da aka ajiye a rumbu daidai take. Bayan nan ta zama rabin gaskiya. Misalan da aka rubuta da Python 2 sun daina aiki da aka cire goyon bayansa a siga ta 15, a 2022. Siga ta 18 ta 2025 ta inganta yadda fankshan na SQL ke adana tsarin bincike, wanda ya rage ƙarfin wata tsohuwar hujja ta fifita PL/pgSQL da aka ambata a tambaya ta 6.

PostgreSQL yana fitar da babbar siga kowace shekara, yana kula da kowacce tsawon shekara 5, kuma kowace siga tana da nata kwafin littafin. Saboda haka sashen shawara ya yi magana a kan sigar da yake ciki kawai, kuma duk wanda ya kawo canjin da ya taɓa halayyar fankshan ya ɗauki duba wannan sashe a matsayin ɓangaren aikinsa.

14. Wane irin misali ne ya fi taimakawa?

Aiki ɗaya da aka rubuta da harsuna biyu ko uku a jere, tare da sakamakon EXPLAIN a ƙarƙashin kowanne. Idan mai karatu ya ga fankshan na SQL ya ɓace daga tsarin binciken an yi amfani da fihirisa, sannan ya ga na PL/pgSQL ya tsaya da sunansa ana kiransa layi-layi, ya fahimci abin da sakin layi uku ba su fahimtar da shi ba. A ƙara misali na biyu da sakamakon ya juye, kada na farko ya zama hukunci. Kuma kowane misali ya zo da alamominsa cikakku, domin mutane kwafa suke yi, kuma abin da aka bari a misali shi za a bari a kod na gaske.

15. Shin shawarar za ta yi aiki ga wanda ya zo daga wani rumbun bayanai?

Tambayoyin tambaya ta 5 suna aiki ko'ina, amsoshin ne suka bambanta. Oracle yana da PL/SQL, wanda PL/pgSQL ya yi kama da shi ƙwarai har littafin PostgreSQL ya ware sashe kan ƙaura daga gare shi. SQL Server yana da T-SQL, ya ƙara damar rubuta fankshan da harsunan .NET a sigar 2005, sannan a sigar 2019 ya fara narkar da wasu fankshan masu dawo da ƙima ɗaya cikin umarnin da ya kira su. MySQL ya sami fankshan da ake ajiyewa a rumbu a siga ta 5.0, kuma yana karɓar waɗanda aka rubuta da C ko C++ a loda su. SQLite ba shi da CREATE FUNCTION. Manhajar da ta ɗauke shi ce ke yi masa rajistar fankshan. Ko da yake ma'aunin SQL yana da ɓangaren SQL/PSM tun 1996, kod na bin matakai ba kasafai yake ƙaura daga rumbu zuwa rumbu ba tare da sake rubutu ba, kuma ya dace littafin ya faɗi haka ga wanda ke tunanin sauya rumbu nan gaba.

16. Wanda ke son kawo irin wannan gyara, ta ina zai fara?

Ya fara da ƙaramin abu. Littafin PostgreSQL yana zaune ne tare da kod ɗin manhajar, an rubuta shi da DocBook (wani tsarin rubuta littattafan fasaha), kuma gyaransa yana bin hanyar bita ɗaya da gyaran kod. Shawarar sake fasalin babi shida a lokaci ɗaya takan maƙale cikin muhawara, amma sashe mai sakin layi biyar da mahaɗai zuwa bayanan da suke akwai yana da sauƙin dubawa da karɓa. Ga kowace jimla da ke cewa wani abu ya fi wani, mai gyaran ya haɗo gwajin da wani zai iya maimaitawa a sigar da ake aiki a kanta, ya cire duk siffar da ba za a iya aunawa ba, kuma ya guji sake kwafo bayanin da ke wani babi, domin kwafi biyu sukan saɓa wa juna da zarar an gyara ɗaya. Kafin ya miƙa, ya ba wanda bai taɓa rubuta fankshan ba ya karanta, ya ba shi ayyuka uku mabambanta ya zaɓa musu harshe, sannan ya duba a wace jimla ya tsaya yana neman ƙarin bayani.